Tambaya da Amsa: Neman Katako Mai Launi Don Adon Dashe a Legas

Wasiƙu 3 muka zaɓo a wannan fitowa, dukkansu daga masu aiki da injin leza, wato injin da ke yanka da haske mai ƙarfi, a nan cikin Legas. Mun taƙaita su saboda ƙarancin fili, amma ba mu taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni kafinta ne a Agege. Bara muka haɗa kuɗi da wani abokina muka sayi injin leza mai ƙarfin wat 60, muna yanka sunaye da allunan shaguna. Yanzu ina so in shiga aikin dashe, wato a fafe gurbi a jikin katako a dasa wani katakon mai launi daban, kamar dagin Arewa a murfin akwati ko ado a jikin abin ɗora Alƙur'ani. Na shafa wa farin katako kala na dasa, amma da na bi shi da samfefa don ya daidaita sai launin ya tafi. A hotunan intanet ina ganin ja da shuɗi da kore. Ana samun irin wannan katako a Legas, ko dole sai an yi odarsa daga waje?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka. Abin da ya same ka ba laifin kalar da ka saya ba ne, haka aikin dashe yake. Duk iya yankan injin, abin da ka dasa ba zai zauna daidai da fuskar katakon da ya karɓe shi ba sai ka goge su tare, kuma gogewar tana cin abin da ya fi kaurin launin da aka shafa, domin kalar kafintoci a fata take tsayawa, ba ta ratsa tsokar itace. Saboda haka duk katakon da za ka saya don wannan aiki, kada ka yi masa hukunci da fuskarsa. Ka karce shi da wuƙa ka ga ko launin da ke waje shi ne a ciki.

Hotunan da kake gani kuwa iri biyu ne a haɗe. Fari da rawaya da ja da ruwan ƙasa da baƙi yawanci launukan halitta ne, haka Allah ya yi itatuwan. Shuɗi da kore shar da ruwan hoda kusan dukkansu rini ne, wanda ake yi a masana'anta, a dafa siraran fallayen katako cikin ruwan rini har launin ya ratsa daga wannan fuska zuwa waccan. Italiya ta yi suna a wannan sana'a, kuma abin da zai ba ka mamaki shi ne, ɗaya daga manyan kamfanoninta, ALPI, yana da masana'anta a Kamaru, kuma cikin itatuwan da yake rinawa har da wanda ake kira ayus a can, wato obeche, wanda Yarbawa ke kira arere, farin katakon nan mara nauyi da kake gani jibge a kasuwannin Legas. Ke nan wani lokaci mutum zai biya kuɗin jirgi da na kwastan a kan itacen da irinsa ke bayan shagonsa, rinin kawai ya saya.

Bari mu fara da abin da ke hannu. Idan fari kake so, ga obeche da afara da malaina. Obeche ya fi su haske da sauƙin yanka, sai dai yana da laushi, farce ma yana yi masa tabo, kuma idan bai bushe da wuri ba yakan yi dabbare-dabbaren shuɗi-shuɗi na funfuna, don haka ka zaɓi mai tsabta. Idan rawaya mai ɗaukar ido kake so, ka nemi opepe, wanda launinsa ke tsakanin ruwan zuma da ruwan goro. Iroko, wanda muke kira loko, yana fitowa rawaya a ranar da aka tsaga shi, amma kada wannan ya ruɗe ka, cikin watanni kaɗan zai koma ruwan ƙasa. Ja mai duhu kuwa na maɗaci ne da danginsa da ake sayarwa da sunan mahogani, da kuma sapele, wanda ya samo sunansa daga garin Sapele na jihar Delta, inda aka daɗe ana sarrafa katako. Ja jawur kamar garwashi shi ne wanda Turawa ke kira padauk, masu katako a nan kuma suna ce masa osun, sunan da Yarbawa ke kiran jan garin kwalliyar nan da mu muke kira majigi. Ruwan makuba mai ɗan sirkin shunayya na mansoniya ne, wato ofun. Daga Arewa kuma akwai ƙirya mai tauri da duhu, wadda ake sassaƙa turmi da ita, da madobiya mai zane-zanen ruwan zuma da ruwan ƙasa.

Ka lura da yadda na riƙa haɗa sunayen. A kasuwar katako ta Legas idan ka ce itacen kawo ba wanda zai gane ka sai ka ce apa, idan ka ce madobiya sai ka ce koso. Rubuta sunayen biyu a takarda ka tafi da ita ya fi ka tsaya kana kwatance da hannu.

Game da wurin saye, kasuwar Amu da ke Mushin ita ce ta allunan filawud da MDF (allon da ake yi da matsattsen garin katako) da finiya, wato siririn fallen katako da ake mannawa a fuskar allo, wanda kaurinsa yawanci milimita 0.5 zuwa 0.6 ne. Oko-Baba da ke Ebute Metta, wadda ake hangowa daga gadar Third Mainland, ita ce tsohuwar matattarar masu tsaga gungume, inda itatuwa suka daɗe suna isowa a ɗaure ta ruwa daga dazuzzukan Ondo da Edo da Delta, kuma gwamnatin jiha ta gina musu sabon matsuguni a Agbowa-Ikosi, can bayan Ikorodu. Sai dai ni ba zan tura ka wurin masu gungume ba. Falankin da aka tsaga daga itacen da ya kwana makonni a ruwan gishiri jiƙaƙƙe ne, kuma kai ba falanki kake buƙata ba. Dagin Arewa da zai cika murfin akwati bai fi tafin hannu biyu na katako ba.

Shawarata ita ce ka bi masu yin ƙofofi da matakala da daɓen katako, ka roƙi su sayar maka da guntayen da suka rage. Waɗannan guntaye, waɗanda sau da yawa masu toya ƙosai da gasa kifi ke kwashewa, su ne jarinka, domin an riga an busar da su, an goge su, launinsu a bayyane yake, kuma buhu guda zai iya ƙunsar iri biyar ko shida. Ka tafi da ƙaramar wuƙa da gorar ruwa. Ka karce gefen guntun, ka ɗiga masa ruwa ka shafa da yatsa: launin da ya fito yana jiƙe, shi ne kusan wanda za ka gani bayan ka shafa banish. Daga nan sai ka kai su wurin mai zarton inji ya tsaga maka su falle-falle, kaurin milimita 3 ko 4, a bi su da injin gogewa su daidaita.

Wuƙar nan da nake nanatawa, tsada na sayi darasinta. Shekarun baya na je wata kasuwa neman baƙin itacen da ake kira eboni, wani mai shago ya shiga ciki ya fito da sanduna biyu baƙi ƙirin, suna sheƙi, masu nauyi a hannu, ya rantse mini daga Kuros Riba aka kawo su. Na biya ba tare da na taya sosai ba, don ina ganin na yi tsintuwa. Da na koma shago na ɗora ɗaya a kan zarto, sai ga garin katako yana zubowa ruwan ƙasa, baƙin bai wuce kaurin takarda ba. Wani katako mai nauyi ne aka sha shafa wa baƙar kala da man goge takalmi. Eboni na gaske yana nan a dazuzzukan Kuros Riba da Kamaru, ɗan'uwan kanyar da muka sani ne, amma yana da wuyar samu da tsada, kuma ko ka same shi ba ya yi wa leza biyayya: yana da tauri da maiƙo, gefensa yana ƙonewa ya zama gawayi kafin hasken ya ratsa, sai fa in siriri ne ƙwarai.

Baƙin da ya fi sauƙi shi ne wanda za ka haɗa da kanka, kuma dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu, ita ce ta kulokon da dukawa ke baƙanta fata da shi, wato haɗuwar ƙarfe da ɗacin da ke cikin bagaruwa. Ka wanke soson ƙarfe don maiƙonsa ya fita, ka jiƙa shi cikin ruwan khal kwana 3 zuwa mako guda a kwalbar da ba a toshe bakinta gam ba, domin yana fitar da iska, sannan ka tace. A gefe guda ka dafa bagaruwa, ka tsoma katakon cikin ruwanta ya sha, ya bushe, sannan ka tsoma shi cikin ruwan ƙarfen. A gaban idonka zai rine.

Shuɗi da kore ma kana iya rina su da galura a jikin obeche, amma da sharuɗɗa biyu. Na farko, ka yanka siffofin da leza tukuna sannan ka rina, domin rini ya fi shiga ta bakin jijiyar itace, kuma ƙaramin yanki yana da baki ta ko'ina. Na biyu, katakon ya zama siriri, ruwan ya zama mai ɗumi, jiƙon kuma na kwanaki ne ba na sa'o'i ba. Ka sa guntun gwaji a ciki, kullum ka ciro ɗaya ka karya ka duba cikinsa. Idan tsakiyar tana nan fara, bai yi ba. Idan aikin na wani babban mutum ne da ba ka son kasada, nan ne kawai zan ce ka yi odar rinanniyar finiya daga waje, ka kuma tambayi mai sayarwa ko rinin ya ratsa, sannan ka nemi ƙunshin launuka gauraye maimakon babban falle na launi ɗaya.

Ka kuma gaya wa mai aikin gaskiya tun farko, cewa launin katako yana tafiya da rana. Jan osun yana komawa ruwan hanta idan haske ya daɗe a kansa, obeche yana ɗan yin rawaya, mansoniya tana koɗewa. Don haka nake zaɓar launukan da bambancinsu na haske da duhu ne, kamar fari cikin maɗaci ko opepe cikin ƙirya, domin wannan bambanci yana nan ko bayan shekara goma, alhali ja cikin ruwan ƙasa wata rana za su zama abu ɗaya. Garin osun kuma yana ɓata farin katakon da ke kusa da shi, saboda haka kankarewa ta fi gogewa a wurin, kuma shafin farko na banish ya zama feshi ne kaɗan-kaɗan don kada jan ya narke ya malala.

Abu biyu suka rage. Ƙurar mansoniya da ta iroko suna da illa, ta farkon har haɓo takan sa, don haka takunkumi da bututun fitar da hayaƙi wajibi ne. Idan kuma kana da niyyar aika kayanka ƙasashen waje, ka sani madobiya tana cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, wato ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta sa wa ido tun 2017, bayan an yi mata yankan ƙare dangi a Taraba da wasu jihohi ana lodinta zuwa Sin, kuma a taron 2022 da aka yi a Panama an ƙara itatuwan kawo da maɗaci da padauk na Afirka a jerin. Kafin ka karɓi odar waje da waɗannan, ka bincika ƙa'idar takardu a Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina zaune a Idi-Araba, ina yin akwatunan kyauta na biki da faifan ɗora kofi. Ban da katako, me zan iya dasawa ya ba ni launi mai ƙyalli? An ba ni guntayen roba da na ledar kujera kyauta, amma da na yanka ɗaya sai wari ya cika ɗakin har idona ya yi ja.

Amsa: Hajiya, ki dakatar da yankan waɗannan guntaye tun yau. Alamun da kika faɗa na robar PVC ne, wadda idan leza ta ƙona ta take fitar da iska mai guba ta sinadarin kulorin, iskar da ke ƙona huhu da ido, ta kuma haɗu da laimar Legas ta zama asid mai cinye ƙarfen injin da madubansa. Mafi yawan ledar kujera da ta jaka, da ledar buga allunan talla, da farin allon nan mara nauyi da masu buga takardu na Shomolu ke manna hotuna a kai, duk PVC ne. Akwai gwaji mai sauƙi da za ki yi a waje, inda iska ke kaɗawa. Ki sami wayar jan ƙarfe irin ta cikin wayar lantarki, ki feɗe rigarta, ki riƙe da filaya ki ƙona bakinta a wutar gas har sai harshen wutar ya daina canja launi, domin ita kanta rigar wayar PVC ce. Sannan ki dangwala bakin mai zafi a jikin robar da kike shakka, ki mayar cikin wuta. Idan harshen ya koma kore, akwai kulorin, ki jefar.

Robar da ta dace da leza ita ce akirilik, wadda 'yan kasuwa suka fi sani da Perspex, kuma masu yin allunan shaguna a Shomolu da Mushin suna da guntayenta kala-kala, har da mai ruwan zinari da mai kama da madubi. Ki auna kaurin kowane falle da kanki, domin abin da aka rubuta milimita 3 ba kullum yake cika 3 ba, gurbin da kika fafe kuwa ba ya yafe wannan bambanci. Mai madubin ba ta jure samfefa ko kaɗan, don haka sai kin gama goge katakon kin shafa masa banish sannan ki dasa ta. Ba ki faɗi irin injinki ba: idan mai bututun gilashi ne na CO2, kowane launi zai yanka, idan kuwa ƙaramin nan ne na diyod mai shuɗin haske, ba zai yanka wadda take garai-garai kamar gilashi ba, domin haskensa wucewa yake yi ta cikinta, kuma fara da shuɗiya ma suna ba shi wahala.

Ni dai da za ki bi ta tawa, fata za ki gwada. Jar fatar akuya da ake jemewa da bagaruwa a Kano da Sakkwato, a rina ta da karan dafi, tana yankuwa da leza lafiya lau, kuma dashenta cikin farin katako yana da kyan da roba ba za ta taɓa yi ba. Fatar da za ki guje wa ita ce wadda aka jeme da sinadarin kurom a masana'anta, kuma ita ce ta fi yawa a kasuwar fata ta Mushin. Ki yanka gefenta da reza ki duba: jimar kurom cikinta toka-toka ne mai sirkin shuɗi, jimar bagaruwa kuwa ruwan ƙasa ne mai haske. Ƙwarya ma tana yankuwa, sai dai lanƙwasarta ba ta barin a ciri abin da ya wuce ƙananan siffofi. Tagulla da sauran ƙarafa kuwa sun fi ƙarfin waɗannan injina, sai dai ki fafe gurbin da leza ki kai wa maƙerin farfaru ya yanka miki. Siraran layuka da rubutu, waɗanda dasa su ɗaya bayan ɗaya zai cinye miki yini, ki cike su da ruwan ifoksi, wato gam ɗin nan mai daskarewa kamar gilashi, da aka dama da garin launi, amma ki fara shafa wa gurbin banish ya bushe, in ba haka ba launin zai bi jijiyar katakon ya yi nashe-nashe.

Tambaya: Ni a Mile 12 nake. Na yi wa surukina teburi mai dashe na aika masa Kano da damina, lafiya lau. Da sanyi ya shigo sai ya kira ni ya ce adon ya ɗaɗɗago, fuskar teburin kuma ta tsage. Gam ɗin ne ba shi da kyau?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka zargi gam, iskar garuruwan biyu ce ta bambanta. Laimar iskar Legas takan wuce kashi 80 cikin 100, ta Kano kuwa a tsakiyar hunturu takan faɗi ƙasa da kashi 20. Katakon da ya bushe a inuwar shagonka da damina da wuya ruwan jikinsa ya sauka ƙasa da kashi 15 cikin 100, kuma da ya isa Kano sai ya ci gaba da bushewa yana tsukewa. Tsukewar a faɗinsa take, a tsawonsa kusan babu, sannan kowane itace da gwargwadon tasa, shi ya sa gurbi ya matse, abin da aka dasa ya rasa wurin zama ya ɗago.

A gaba, duk aikin da zai tafi Arewa, ko zai zauna a ɗaki mai na'urar sanyaya iska, ka yi gindinsa da filawud mai kyau ka manna finiya a fuskokinsa biyu, sama da ƙasa, domin filawud ba ya motsi kamar falanki. Ka daidaita jijiyar abin da ka dasa da ta katakon da ya karɓe shi su fuskanci gefe ɗaya, ka kuma shafa banish har ƙarƙashin teburin da gefunansa. Fallayen da ka tsaga kuwa ka jera su da 'yan sanduna a tsakani, ka danne da nauyi, cikin akwatin da ka kunna wa ƙwan lantarki mai zafi a nesa da katakon, ka riƙa auna ɗaya a kan sikelin kicin duk bayan kwana 2. Ranar da nauyin ya daina raguwa, ka yanka ka dasa a makon, kafin su sake shan laima. Teburin surukinka kuma ka bar shi a Kano a gyara shi can cikin rani, domin idan ka dawo da shi Legas tsagar za ta rufe da kanta, ka ɗauka ta warke, ta sake buɗewa da hunturu mai zuwa.